Yadda Gansakuka Ke Barazana ga Bututun Mai a Cikin Teku

Duk wanda ya je bakin kogin Sakkwato a Gusau ko Bungudu da damina, ya ga kara a tsaye cikin ruwa mai gudu, zai lura yana karkarwa alhali ba wanda ya taɓa shi. Dalili shi ne idan ruwa ya bugi abu mai zagaye, sai ya riƙa murɗawa a bayansa, sau ɗaya ta dama, sau ɗaya ta hagu, kowace murɗawa tana fizgar karan zuwa ɓangarenta. Irin wannan ne ke sa wayar lantarki kuka da hunturu.

To, abin da ke samun karan nan yana samun bututun da ke ɗauko ɗanyen mai daga ƙasan teku. A filin mai na Bonga, kilomita 120 daga gaɓar Neja Delta, wanda ya fara aiki a 2005, zurfin ruwan ya haura mita 1,000. Bututun ƙarfe yana rataye tun daga jirgi har ƙasa, igiyar ruwa tana kaɗa shi dare da rana. Kun san yadda muke karya waya idan babu filaya: lanƙwasa nan, lanƙwasa can, har ta tsinke. Haka ƙarfe ke gajiya. Idan ya tsage, mai ya malala, kifi ya mutu, masunta su rasa abinci, kuɗin da ake rabawa jihohi har da Zamfara su ragu.

Maganin da injiniyoyi suka fi amfani da shi ya samo asali ne a Ingila a 1957, inda wani masani mai suna Scruton ya gwada shi don dogayen bututun hayaƙin masana'antu. Ana naɗa wa bututu tudu uku masu murɗewa daga sama zuwa ƙasa, kamar kunyoyin gona da kwari a tsakaninsu. Kunyoyin nan suna wargaza ruwan, ya kasa fizga a lokaci ɗaya. Wani wurin kuma riga ake saka masa mai wutsiya irin ta kifi, tana juyawa duk inda ruwa ya nufa.

Sai dai teku ba ta barin abu da tsabta. Randar gida ma, mako nawa take yi kafin ta yi kore? Gansakuka ce ke fara kamawa, sannan ƙananan halittu masu ɓawo irin ƙumba su manne, su yi ta hayayyafa, musamman kusa da saman ruwa inda haske ke kaiwa, kuma galibi nan ne igiyar ruwa ta fi ƙarfi. A hankali sai su cike kwarin. Manomi ya san kunyar da kwarinta ya cike ta tashi daga aiki. Bututun ya koma mulmulalle, ya ƙara kauri da nauyi, karkarwa ta dawo. Rigar nan mai wutsiya ta fi ban tsoro a ganina, domin idan ƙumba ta maƙale ta a karkace ta daina juyawa, gara ma a ce ba a saka ta ba.

Shi ya sa ake shafa musu fenti mai sinadarin tagulla wanda halittun ba sa so. Lokaci zuwa lokaci kuma ana tura na'ura mai nutso, wadda ake sarrafawa daga kan jirgi, ta duba da kyamara, ta kankare su da buroshi ko feshin ruwa mai ƙarfi.