Ido Ba Mudu Ba: Yadda Ake Auna Taga Kafin Sayen Labule

Duk lokacin da salla ta gabato, ko aka sa ranar biki, ko ma'aikaci ya samu canjin wurin aiki ya tare a sabon gida, akwai hidima guda wadda ba ta wuce magidanci, wato ta labule. A kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai za a tarar da mutane tsaye gaban masu sayar da ƙyalle ana ta ciniki. Idan mai kanti ya tambayi mai saye girman tagarsa, sau da yawa sai ya buɗe hannuwansa biyu ya ce, "Kamar haka take." A kan wannan magana ake yanka ƙyalle, a biya kuɗi, a kai wa tela. Ranar da aka rataya sai a ga labule ya tsaya bai kai bakin taga ba, ko kuwa ya yi tsawo yana share ƙasa, daga nan kuma sai gardama ta tashi tsakanin mai gida da tela.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Wannan magana tana da gaskiya a wajen hatsi, domin in awo ya kasa sai a ƙara tafi guda a cika. Ƙyalle kuwa, da zarar almakashi ya ratsa shi, zance ya ƙare. Saboda haka muka ga ya dace mu bayyana wa masu karatu yadda ake auna taga, da yadda ake lissafin ƙyallen da za ta ci, domin kuɗin da aka sha wahala kafin a samu kada su tafi a banza.

Daga asabari zuwa labule

Gine-ginenmu na dā, irin waɗanda har yanzu ake gani a unguwar Birni ta Damagaram, ba su da manyan tagogi. Magina sukan bar ƴar ƙaramar kafa can sama kusa da rufi, wadda za ta shigo da haske da iska ba tare da ta shigo da zafin rana ko idon mai wucewa ba. Ƙofar ɗaki kuwa asabari ake saukar mata, ko a kara mata tufaniya. Da ginin siminti ya yawaita sai tagogi suka faɗaɗa, suka sauko daidai ƙirjin mutum, aka sa musu ƙarfe da gilashi. Taga mai faɗi tana da daɗin iska, amma ta buɗe ɗaki ga abubuwa uku: rana, ƙura da idon jama'a. Aikin labule ke nan ya tsare su, ya zama sutura ga iyali. Wanda ya gaza ta gefe ko ta ƙasa bai yi wannan aiki ba, komai tsadar ƙyallensa.

Kamu, yadi da metir

Tushen yawancin kuskure shi ne ma'auni uku ne suke yawo a kasuwanninmu, mutane kuma suna ɗaukarsu kamar abu guda.

Na farko shi ne na gargajiya: taƙi, da kamu, da gaba. Kamu shi ne daga gwiwar hannu zuwa kan ɗan yatsa na tsakiya, kowa kuma da tsawon hannunsa. Idan kamun mai gida ya ɗara na yaron kanti da santimetir 5, to, a kamu shida an yi asarar santimetir 30 ba tare da kowa ya yi niyyar cuta ba.

Na biyu shi ne metir, ma'aunin hukuma a Nijar, wanda ake koyarwa a makarantu. A ƙasar Faransa aka kafa shi da doka a shekarar 1795, sa'an nan a 1875 ƙasashe 17 suka sa hannu a birnin Paris a kan yarjejeniyar da ta mai da shi ma'aunin duniya. Metir ɗaya santimetir 100 ne.

Na uku shi ne yadi, ma'aunin Ingilishi, wanda ya zauna daram a cinikin tufafi, har sunansa ya zama sunan ƙyallen kansa a bakin mutane. Kaya masu yawa suna shigo mana daga kasuwar Kantin Kwari ta Kano, su biyo ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, da yadi kuma ake lissafinsu. Tun shekarar 1959 aka tsai da tsawon yadi a kan santimetir 91 da ɗan ɗori, wato ya kasa metir da kusan santimetir 9. A yadi ɗaya wannan rata ba ta da yawa, amma a yadi goma sha ɗaya ta kai kusan metir guda cur.

Har ila yau, a lura da igiyar awon tela. Yawancinta fuska biyu gare ta: ɗaya ta santimetir mai ƙananan gabobi, ɗaya ta inci mai manyan gabobi. Inci ɗaya ya ɗan ɗara santimetir biyu da rabi, inci 36 kuma su ne yadi. Wanda ya auna da fuska ɗaya, tela ya karanta da ɗayar, ya shirya wa kansa ɓacin rai. Dokar farko ita ce a zaɓi ma'auni guda a tsaya a kansa tun daga gida har kasuwa, wanda ya fi sauƙin lissafi kuwa shi ne santimetir.

Yadda ake awon

A nemi metir na ƙarfe irin na magina, domin igiyar tela takan miƙe in ta tsufa, takan kuma lanƙwashe in an ja ta a tsaye. A samu mutum na biyu ya riƙe baki ɗaya, a ajiye takarda da alƙalami kusa.

Kafin a fara sai a yanke shawarar inda labulen zai zauna: cikin ramin taga ko kuwa a kan bango ya rufe ta gaba ɗaya. Bangon ƙasa yana da kauri, ramin tagarsa yakan yi zurfin da labule zai shiga. Amma hannun magini ba inji ba ne, da wuya a samu ramin da faɗinsa na sama ya yi daidai da na ƙasa. Don haka a auna faɗi a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, a auna tsawo ma ta dama da ta hagu. Idan a cikin rami za a rataya, a ɗauki awon da ya fi ƙanƙanta a rage masa santimetir ɗaya. Idan a kan bango ne, a ɗauki wanda ya fi girma.

Ratayawa a kan bango ta fi tsare rana da ƙura. Sandar labule ta wuce taga da santimetir 15 ta kowane gefe, ta kuma zauna santimetir 15 bisa bakin taga na sama. Tagar da ƙyaurenta yake buɗewa ta cikin ɗaki tana bukatar sanda mai tsawo fiye da haka, yadda in an ja labule gefe ba zai tare ƙyaure ba. Mai gilashi jere-jere kuma, wadda ake juyawa da ɗan hannun ƙarfe, sai a nisanta sanda daga bango kaɗan, don kada hannun ya riƙa kama ƙyalle yana yaga shi.

Abin da ya fi kyau shi ne a kafa sanda tukuna, sa'an nan a auna tsawon labule daga jikinta. Idan da zobba za a rataya, awo ya fara daga ƙarƙashin zobe. A ginin ƙasa ƙusa ba ta daɗewa take kwancewa saboda ja na yau da gobe. Maganin wannan shi ne a binne guntun katako a cikin bango a buga ƙusa a jikinsa. Mai sabon gini ya tuna wa magini tun da wuri, tun ran gini ran zane.

Ta wajen ƙasa, gajeren labule ya sauka santimetir 15 ƙarƙashin bakin taga. Dogo kuwa, irin na ƙofa ko na falo, kada ya taɓa daɓe. A bar masa ratar santimetir 3 zuwa 5, domin wanda yake jan ƙasa yana kwasar ƙura da ruwan wanke ɗaki, yana ba gara hanya, kunama ma takan samu maɓoya a cikinsa.

Kowace taga a auna ta ita kaɗai, ko da a ido sun yi kama da juna.

Lissafin ƙyalle

Bari mu ɗauki misali. A ce taga tana da faɗin santimetir 120 da tsawon santimetir 100.

Tsawon sanda: 120, a ƙara 15 ta dama da 15 ta hagu, ya zama 150.

Faɗin ƙyalle: labulen da aka yanka daidai tsawon sanda yakan tsaya a miƙe kamar allo, gefensa kuma ya riƙa buɗewa. Domin ya samu tattara sai a ninka tsawon sanda sau biyu, wato 300. Mai son tsimi, ko mai ƙyalle mai kauri, yana iya ninkawa sau ɗaya da rabi, wato 225. Kalmasar gefe ba ta cin abu mai yawa, daga cikin tattarar za ta fita.

Tsawon labule: 15 na sama, da 100 na taga, da 15 na ƙasa, ya zama 130. A ƙara 10 na kalmasar sama inda sanda za ta shiga, da 15 na kalmasar ƙasa wadda za ta ba shi nauyi ya tsaya sosai. Tsawon da tela zai yanka ya zama 155.

Yanzu sai a tambayi mai kanti faɗin ƙyallensa, domin ba duka suke ɗaya ba. Idan mai faɗin santimetir 150 ne, falle biyu sun isa su ba da 300. Falle biyu masu tsawon 155 sun zama 310, wato metir 3 da santimetir 10. Amma ƙyallen auduga yakan tsuke a wankin farko, da kimanin santimetir 3 zuwa 5 a kowane metir. Saboda haka a sayi metir uku da kwata, a jiƙa shi a shanya ya bushe kafin a kai wa tela. In da yadi ake sayarwa, yadi uku da rabi, wato santimetir 320, shi ne mafi ƙarancin abin da za a karɓa.

A nan ne bambancin yadi da metir yake fitowa fili. Mutumin da ya ji an ce "uku" ya karɓi yadi uku, santimetir 274 ya kawo gida. Kowane falle zai samu 137, in an cire 25 na kalmasa saura 112. Da an rataya shi santimetir 15 bisa taga, sai ya tsaya bai kai bakinta na ƙasa ba, rana da ƙura su shigo ta nan. A ce metir ɗaya jika biyu ne, ga kuɗi kusan jika shida sun tafi, ga ladan tela, ga shi kuma bukata ba ta biya ba.

Masu son yin labule da atamfa su sani faɗinta bai cika wuce santimetir 115 zuwa 120 ba, don haka tagar misalinmu falle uku za ta ci, a raba na ukun biyu a haɗa wa kowane gefe. Falle uku masu tsawon 155 sun zama 465. Turmi guda yadi shida ne, kusan santimetir 549, ya ishi taga ɗaya har da saura, amma ba zai yi biyu ba. Sauran ma kada a yi saurin ba da shi, domin in atamfar mai manyan furanni ce, sai tela ya ɗan zubar da wani abu kafin furen wannan falle ya yi daidai da na wancan.

Rana, ƙura da wuta

Awo yana tafiya tare da sanin inda taga ta fuskanta. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a Yamai da Tawa, tagar da ta kalli yamma kuma ita ta fi shan rana daga azahar zuwa la'asar sakaliya. Irin wannan taga tana son labule mai shafi. A sa farin ƙyalle ta wajen rana, domin fari yana mai da haske, baƙi kuwa yana shan zafi ya zuba shi cikin ɗaki. Shafin kuma yana kare launin labule daga koɗewa. Ana yanka shi ya kasa labule da santimetir 2 ko 3 don kada ya leƙo ta ƙasa, a kuma tuna cewa kuɗinsa dabam ne a cikin lissafi.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, tun daga Nuwamba har wajen Fabrairu, ɗauke da ƙura. Tagogin wannan ɓangare ya kamata a ƙara musu faɗi ta gefe, a kuma sa falle biyun su hau kan juna a tsakiya da kamar santimetir 10.

A ɗakin girki, ko inda ake ajiye fitila ko kaskon wuta lokacin sanyi, gajeren labule ya fi, wanda iska ba za ta kaɗa shi ya kai ga harshen wuta ba. Ƙyallen roba in ya kama yakan narke ya manne a jiki. Sa'an nan kada kowa ya ɗauka labule zai tsare masa sauro. Wannan aikin sange ne da ragar taga.

Takardar da za a kai wa tela

Bayan an gama awo sai a rubuta komai dalla-dalla. A ba kowace taga suna, kamar "ɗakin uwargida, ta gabas" ko "falo, ta bakin hanya". A ƙarƙashin sunan a rubuta faɗi tukuna, sa'an nan tsawo, kowanne da kalmarsa a gabansa, domin lambobi biyu tsirara suna iya juyewa a hannun mai karatu. A rubuta "santimetir" a fili. A bayyana wa tela ko lambar da aka ba shi ta labulen da aka gama ce, ko kuwa har da kalmasa a ciki, saboda rashin wannan bayani kan sa a ƙara kalmasa sau biyu ko a mance da ita sam. A yi takardar biyu, ɗaya ta tela ɗaya ta mai gida. A kasuwa kuma, mai saye ya tafi da metir ɗinsa a aljihu, a auna ƙyalle a gabansa kafin a yanka. Ɗan kasuwa na kirki ba ya jin haushin haka.

Duk wannan aiki bai wuce na rabin awa ba ga gida mai taga huɗu ko biyar. Wanda ya iya rubuta lambobi, ya iya tarawa da ninkawa, ya riga ya mallaki kayan aikin. Haka nan ma'ajin ofis ko na makaranta wanda aka ɗora wa sayen labulen tagogi ashirin: kuskuren santimetir 20 a kowace taga metir 4 ne na dukiyar jama'a. Kafin a nufi kasuwa da kuɗi, a fara tsayawa gaban taga da metir da alƙalami.