BA DUK KANWAR JA CE BA: ABIN DA YA KAMATA A SANI GAME DA SODAR GIRKI

A kantuna da kasuwannin ƙasar nan akwai wani farin gari da ake sayarwa, wani cikin gwangwani ko kwali, wani kuma a ƙulle cikin leda, wanda masu gashi da matan gida suke kira bekin soda, watau sodar girki. Da ita ake tayar da kek da fanke, da ita waɗansu suke nunar da wake cikin hanzari, waɗansu kuwa su kan jiƙa ta su sha domin ƙwarnafi. Tana da araha, tana da amfani, kuma muddin an yi aiki da ita bisa ƙa'ida ba ta cutarwa. Abin lura shi ne sunan soda ba nata ba ne ita kaɗai. Akwai waɗansu fararen abubuwa guda biyu da suke amsa wannan suna, ɗaya daga cikinsu kuwa yana iya ƙone maƙogwaron yaro ya bar shi da lahani har tsawon rayuwarsa. Saboda haka ya wajaba ga mai saye ya san wadda ya saya, ya kuma san awon da zai zuba.

ASALINTA

Masana kimiyya suna kiran sodar girki da sunan sodiyam baikabonet. Ko da yake sunan baƙo ne, abin ba baƙo ba ne ga Bahaushe, gama shi ne ɗaya daga cikin sinadaran da ke cikin kanwa. Kanwar da ake haƙowa a gaɓar Tafkin Chadi da ƙasar Manga da kwarin Dallol Bosso na Jamhuriyar Nijar gauraye ce ta wannan sinadari da ɗan'uwansa mai ƙarfi, watau sodiyam kabonet, tare da gishiri da yashi. Shekaru aru-aru fatake sun yi ta lodin ta a kan jakuna da raƙuma zuwa Kano, daga nan ta gangara kudu, har ta kai Gwanja inda ake musanya ta da goro. Sunan ma ya bi kayan, domin Yarabawa suna ce da ita kaun, Ibo kuma akanwu.

Turawa kuwa a masana'anta suka samo tasu. Cikin shekarar 1791 wani likita Bafaranshe mai suna Nicolas Leblanc ya fito da dabarar yin soda daga gishiri. Bayansa, wajen 1861, Ernest Solvay na ƙasar Beljiyam ya gano wata hanya da ta fi sauƙi, inda ake haɗa ruwan gishiri da dutsen farar ƙasa da iskar amoniya, kuma har yau ana aiki da ita. A Amurka, John Dwight da Austin Church suka fara haɗa sodar girki domin sayarwa cikin 1846, kamfaninsu ne ma yake da tambarin Arm & Hammer. Har wa yau ana tace ta daga kanwar ƙasa: ma'adinin da ya fi girma a duniya yana Jihar Wayomin ta Amurka, a Kenya kuma an kafa kamfanin ɗibar soda a Tafkin Magadi tun 1911. Ashe ke nan sodar girki kanwa ce da aka wanke, aka raba ta da yashi da sauran tarkace.

YADDA TAKE AIKI

Hausawa sun ce kanwa ta kar tsami, ƙwarnafi ya kwanta. A cikin wannan magana dukan sirrin sodar yake. Duk lokacin da ta gamu da abu mai tsami, kamar nono ko ruwan tsamiya ko lemon tsami, sai ta kashe tsamin, wata iska mai suna kabon dayokzaid ta fito tana kumfa. Idan cikin kwaɓin fulawa ne, iskar ta kan maƙale, zafin tanda ya buɗa ta, sai kwaɓin ya tashi ya yi laushi. Wannan shi ya sa ba a barin kwaɓin soda ya daɗe a ajiye kamar na yis, gama iskar za ta gudu tun kafin a kai ga wuta.

Mutane da yawa suna ɗaukar sodar girki da bekin hoda, wadda mata su kan kira baƙar hoda ko da yake fara ce, duk abu ɗaya ne. Ba haka ba ne. Bekin hoda soda ce da aka riga aka gauraya da busasshen tsami da sitaci, don haka ruwa da zafi kawai take bukata. Wani mai haɗa magunguna a Ingila, Alfred Bird, shi ya fara haɗa irinta cikin 1843 domin matarsa da yis ba ya karɓarta. Soda zalla ta fi hoda ƙarfi ninki uku ko huɗu, kuma rubu'in ƙaramin cokali ya wadatar da kofi guda na fulawa. Wanda ya zarce haka, ko ya zuba ta inda babu tsami, zai ji abincinsa yana ɗanɗanon sabulu.

A tukunya kuwa aikinta irin na kanwa ne. Tana sassauta ɓawon wake ya nuna da wuri, tana ƙara wa kuɓewa yauƙi, tana rage tsamin yakuwa. Ana kuma wanke tukwane da ita, ana kashe wari, in mai ya kama wuta a kasko ana iya watsa ta a kai, wurin da ruwa ba abin da zai yi sai ƙara ruruta wutar.

SODA UKU, SUNA ƊAYA

Ta farko ita ce sodar girki da aka yi bayani. Ta biyu sodar wanki ce, watau sodiyam kabonet, wadda ake aikin gilashi da garin wanki da ita. Tana busar da fata, tana cutar da ido, ba ta abinci ba ce. Ta uku, wadda ta fi su haɗari, ita ce sodar sabulu, watau kostik soda. Ta kan zo ɓarɓashi ko ƙwaya-ƙwaya kamar sukari, in an jiƙa ta kuwa ba a bambanta ta da ruwan sha. Asibitoci a ƙasashen Afirka ta Yamma sun sha karɓar yaran da suka kurɓi wannan ruwa a gidajen masu sana'ar sabulu, inda aka ajiye shi cikin kwalbar lemo ko kofi. Ƙunar ta kan warke da tabo, maƙoshi ya tsuke, yaro ya kasa haɗiye tuwo, wani ma ko yawu. In haka ta faru, kada a sa yaron ya yi amai, kada a ɗura masa manja ko lemon tsami, sai a garzaya da shi asibiti tare da abin da ya sha.

Akwai alamar ganewa. Sodar sabulu ta kan sa ruwa ya ɗauki zafi da zarar an zuba ta, alhali sodar girki ba ta yin haka. Amma kada wani ya kuskura ya gwada da harshe.

Ko cikin sodar girkin ma akwai daraja-daraja. Wadda ake yi domin abinci da magani ana tace ta har tsabtarta ta kai kashi 99 cikin 100, ana kuma auna ta domin tabbatar da cewa dalma da sauran ƙarafa masu guba ba su wuce haddi ba. Wadda ake yi domin jima da tukwanen kashe gobara da sauran ayyukan masana'antu ba a tsananta mata haka. Ido ba ya raba su. Abin dogara kawai shi ne rubutun jikin mazubi: sunan kamfani, ranar ƙarewar aiki, lambar E500 da ake yi wa sodar abinci, da kuma lambar rajista ta hukumar NAFDAC, wadda aka kafa cikin 1993 domin kula da ingancin abinci da magunguna. Ƙullin leda marar suna ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, mai sayarwa kansa sau da yawa bai ga buhun da aka ɗebo ba.

Wajen ajiya kuwa danshi da zafi su ne abokan gabanta. Gishirin zawo da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara cikin 1975 yana ɗauke da giram biyu da rabi na soda ga kowace lita ta ruwa, amma cikin 1984 aka musanya ta da wani sinadari, saboda ƙunshin ya kan lalace a ƙasashe masu zafi da laima. A rufe ta ruf a busasshen wuri. In ana shakkar ƙarfinta, a ɗiga mata lemon tsami: mai kyau za ta yi kumfa nan take.

AWO SHI NE MAGANI

Fiye da rubu'in nauyin sodar girki sodiyam ne, sinadarin nan na gishiri da yake tara ruwa a jiki yana tayar da hawan jini. Ƙaramin cokali guda yana ɗauke da wajen miligiram 1,260, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya kai miligiram 2,000 a yini. Watau cokali guda ya cinye fiye da rabin rabon yini, tun ba a yi lissafin gishirin miya da dunƙulen ɗanɗano ba. Ga mai hawan jini da mai ciwon zuciya ko ƙoda da mace mai juna biyu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Likitocin ƙasar nan sun daɗe da lura da haka ta wajen kanwa. Cikin 1978 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa a Zariya. Sun danganta yawan ciwon da kunun kanwar da ake ɗura wa maijego, tare da wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Binciken da aka yi a Kano daga baya ya nuna akwai waɗansu dalilai, kamar ƙarancin abinci mai gina jiki, amma babu likitan da yake musun cewa lodin sodiyam nauyi ne ga zuciyar da ta riga ta raunana. Abin da ya hau kan kanwa a nan ya hau kan soda.

Mai shan ta domin ƙwarnafi kada ya wuce rabin ƙaramin cokali cikin rabin kofin ruwa, sai kuma ta narke sarai. Kada a sha ta a kan cikin da ya cika tam, gama iskar da take saki ta taɓa fasa tumbin mutane, ko da yake ba kasafai ba. Kada a haɗa ta da wani magani a lokaci guda, kada kuma a ba jarirai ko kaɗan. Ƙwarnafin da ya wuce mako biyu na likita ne, domin yana iya zama gyambon ciki. Masu yaɗa cewa soda tana warkar da ciwon daji kuwa, su san cewa Tullio Simoncini, mutumin Italiya da ya shahara da wannan da'awa, an ƙwace lasisinsa na likita, kuma cikin 2018 kotu ta yanke masa ɗauri saboda mutuwar wani majinyaci.

A girki ma yawanta hasara ne. Soda da kanwa suna lalata bitamin B1 da ke cikin wake da bitamin C na ganye. Uwargidan da ta jiƙa wakenta tun dare ba ta bukatar fiye da ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka.

Ya kamata shugabannin kasuwa su hana jera sodar sabulu a teburi ɗaya da kayan abinci, ma'aikatan duba-gari kuma su riƙa leƙa masu ƙulla soda a leda. Masu sana'ar sabulu su rubuta suna a jikin mazubinsu, su ɗaga shi inda hannun yaro ba zai kai ba. Matan gida kuwa su nemi mai lamba, su riƙe cokalin awo. Rigakafi dai ya fi magani.