Yaran Kiristocin Dendi da darasin ranar Lahadi

Tun da aka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa a watan Maris na 2025, wanda ya ce Hausa ce harshen ƙasar Nijar, faransanci da turanci kuwa harsunan aiki ne, ake ta muhawara a kan lakwal da ofis da kotu. Maganar ba ta kai wurin da ya fi damuna ba, wato ajin yara na majami'a. Gwamnati ta rage wa faransanci matsayi, amma a coci-coci da dama na garuruwan kan iyaka har yanzu da shi ake ba yaro ɗan shekara shida labarin Yusufu da 'yan'uwansa. A ganina wannan ne babban dalilin da ya sa yaran Kirista na ƙasar Dendi ke tasowa da sanin addini sama-sama. Ya fi rashin kuɗi ɓarna, ya ma fi tsoro.

Ƙidayar 2012 ta nuna Kirista ba su wuce uku cikin dubu ba a Nijar. Saboda haka yaron da iyayensa Kirista ne a Bengu, ko Bana, ko Tanda, ko Tunuga, cikin abokai Musulmi yake wuni. Su suna zuwa makarantar allo safe da dare, malam ya biya musu, su wanke allo, a ƙara musu, wa'azi da tafsiri kuma da Hausa ko Dendi suke jin su. Shi kuwa rabonsa awa ɗaya ce a mako, in an samu mai koyarwa. To, awa ɗayar nan ma sai a cinye ta da harshen da bai riƙe ba tukuna.

Ba da gangan aka yi ba. Masu cika majami'u a Gaya da kewaye, da yawansu 'yan kasuwa ne da teloli da makanikai da ma'aikata, waɗanda asalinsu Benin ne ko Togo ko wani sashe na Nijar. In sun haɗu, faransanci ne ke haɗa su. Amma 'ya'yansu a nan aka haife su, da Dendi da Hausa suke wasa, da su suke faɗa, da su suke cinikin ƙosai. Faransancin lakwal kuwa ba ya zama a bakin yaro sai ya yi nisa a firamare. Sai ka ji yarinya ta kawo ayar haddarta ba tuntuɓe, an tafa mata, ka tambaye ta ma'ana ta sunkuyar da kai. Mai koyar da ita sau da yawa budurwa ce ko wata daga zumuntar mata da aka roƙa ta riƙe yara don kada su dami wa'azin manya. Niyyarta mai kyau ce, sai dai ba wanda ya horar da ita, ba kuma littafi a hannunta. Laifin yana wuyan fastoci da dattawan da suke zaɓen gwani su ba shi mumbari, su bar wa yara duk wanda ya samu.

Abin takaici shi ne ikilisiyar Nijar da karatun Hausa aka gina ta. Mishan SIM ta sauka Damagaram a 1924, daga baya ta zauna Tsibiri kusa da Maraɗi, ta buɗe asibitin Galmi a 1950. Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito tun 1932, kuma da shi tsofaffin masu bi suka koyi karatu. Na Zabarmanci, harshen da ke kusa da Dendi ainun, ya fito a 1990. Wato kayan aikin suna nan. Amma mishan ɗin ta daɗe tana ɗari-ɗari da ilimin faransanci, har masu bi na farko suka riƙa ƙorafin an bar su a baya wajen samun aikin gwamnati. Jikokinsu sun gaji wannan haushi. Uban da ya ce a koya wa ɗansa aya da faransanci, guzurin neman aiki yake hango masa. Ina ganin uzurinsa, sai dai wannan aikin mushen lakwal ne, kuma mushe yana da kwana biyar a mako.

Akwai masu cewa matsalar tsaro ce. Suna tuna Janairun 2015, lokacin da aka ƙone majami'u masu yawa a Damagaram da Yamai, da cocin da aka ƙone a Maraɗi a Yunin 2019, da sace Fada Pier Luigi Maccalli a Bomowanga a Satumbar 2018. Gaskiya ne tsoro ya sa an rage taron yara na hutu da zirga-zirgar masu bishara zuwa ƙauyuka. Amma tsoro ba ya hana uwa karanta wa ɗanta Zabura da Hausa a ɗakinta bayan cin tuwon dare, kuma gidaje nawa ne ake yin haka?

Sakamakon yana bayyana ne in yaro ya kai shekara goma sha biyar. Abokinsa zai tambaye shi, cikin mutunci ko cikin tsokana, me ya sa kuke cewa Allah yana da Ɗa. Ba shi da kalmomin amsawa a harshen da aka tambaye shi. Wani ya ji kunya ya daina zuwa coci, wani ya koma yin addininsa a ɓoye kamar kayan sumoga, wani kuma ya mai da martani da zafi, wanda shi ne mafi hatsari ga zaman unguwa. Yaron da ya san abin da ya gaskata, ya iya faɗarsa da Hausa mai ladabi, shi ne maƙwabcin da Musulmi ma zai fi jin daɗin zama da shi.

Rufe gadar Gaya da Malanbil tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya tsananta abin, domin ta nan baƙin masu koyarwa da littattafan Benin suka saba shigowa. Hanyar Kamba ta Najeriya kuwa ta buɗe tun 2024, kuma ikilisiyar ECWA, wadda ita ma daga SIM ta fito, ta daɗe tana buga littattafan Hausa a Jos. Sayo su bai fi ƙarfin baikon Lahadi ba. Abin da ya rage wa dattawan ikilisiyar EERN da na Katolika da na Baptis a jihar Dosso shi ne su raba ajin yara bisa harshen da suke ji, su kuma tura mai koyarwa horo kamar yadda suke tura mai wa'azi.