Sankarar Furostet da Al'adar Kunya: Tsokaci Daga Garin Illela

1.0 Gabatarwa

Bahaushe na cewa lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Sai dai akwai cututtukan da kunya kan hana magidanci ya ambata ko ga ɗan cikinsa, balle ga likita. Wannan maƙala za ta yi bayanin ɗaya daga cikinsu, wato sankarar furostet, tare da duban yadda sha'aninta yake a Illela, garin da ke arewacin Jihar Sakkwato, dab da Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar.

2.0 Matsalar Suna

Abin da zai fara jan hankalin ɗalibin harshe shi ne, Hausa ba ta da tsayayyen suna ga wannan gaɓa. A kafofin watsa labarai akan ji ana cewa sankarar mafitsara, alhali kuwa mafitsara daban, furostet daban. Ita furostet wata 'yar tsoka ce mai kamar girman goro, wadda maza kaɗai ke da ita. Tana zaune ne a ƙarƙashin mafitsara, ta kewaye hanyar da fitsari ke bi, aikinta kuwa shi ne samar da wani kaso na ruwan maniyyi. Saboda rashin suna, sai jama'a su jingina alamominta ga cututtukan da suka saba da su, kamar sanyi da basir da tsargiya.

3.0 Yadda Cutar Take

Yayin da namiji ya haura shekara 50, wannan tsoka takan ƙara girma har ta matse hanyar fitsari. Daga nan sai a ga yawan tashi fitsari da dare, da yunƙuri kafin ya fito, da ɗiga bayan an gama. Galibin irin wannan kumburi ba sankara ba ne, tsufa ne kawai. Ita kuwa sankarar, sau da yawa ba ta nuna wata alama a farkonta, sai ta yi nisa ta kama ƙashin baya da na ƙugu, sannan ciwo da rama su bayyana. Ita ce sankarar da ta fi kama maza a Nijeriya, kuma haɗarinta ya fi yawa ga baƙar fata, da wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya taɓa yin ta.

Likita kan gano ta ne ta hanyar gwajin jini da ake kira PSA, da kuma laluben tsokar da yatsa ta dubura. Hauhawar PSA kaɗai ba ta tabbatar da sankara, sai an ɗebo ɗan yanki na tsokar an duba shi. Idan an kama ta da wuri, tiyata ko gashi da haske na iya warkar da ita. Idan kuwa ta yaɗu, sai a rage sinadarin mazakuta da take rayuwa da shi, ko dai da allura, ko da cire 'ya'yan maraina. Likitan nan Charles Huggins ne ya gano wannan dabara a Amurka a 1941, har ta kai shi ga samun kyautar Nobel a 1966.

4.0 Halin da Ake Ciki a Illela

Duk ranar Lahadi kasuwar Illela kan cika da fatake da dillalan dabbobi daga ƙasashen biyu, da yawansu dattawa ne da shekarunsu suka kai na gwaji. Kamar sauran manyan kasuwanninmu, a nan ma mai maganin gargajiya ne ke da bakin ambaton abin da kowa ke jin nauyin faɗa, don haka shi mai lalura ke fara nufa. Watannin da za a shafe ana shan jiƙo da sassaƙe kuwa, su ne watannin da cutar ke samun damar yaɗuwa. Alhali akwai babban asibiti a cikin garin inda za a fara kai kuka, ga kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, mai ƙwararrun likitocin hanyar fitsari, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba.

5.0 Kammalawa

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya kamata duk wanda ya kai shekara 45 ya tuntuɓi likita game da gwaji, ko da yana jin kansa garau. Mu kuma masu nazarin Hausa, aikinmu ne mu haɗa kai da likitoci a tsayar da suna guda ga wannan gaɓa, mai ladabi, wanda liman zai iya furtawa a kan mumbari, ɗa kuma ya faɗa wa mahaifinsa ba tare da ya sunkuyar da kai ba.