Daga rijiyar Kusugu zuwa allon waya: labaran sihiri da tawaye da matasa ke karantawa

Akwai wani nau'in ƙagaggen labari da ya cika kasuwar littattafan matasa a Amurka da Ingila, kuma tun da babbar waya ta shiga hannun 'yan makaranta ya daina tsayawa a can. Yarinyar da ke ajin ƙarshe na sakandare a Baure, in tana jin Turanci kuma tana da 'yar data, za ta same shi a Wattpad ko a wani zauren WhatsApp ba tare da ta taka kantin littattafai ba. Iyaye da malamai kan ga yaro ya duƙufa kan waya su ce wasa yake yi. Wani lokaci karatu yake yi, kuma ya kamata mu san abin da yake karantawa.

Galibi zubin labarin ɗaya ne. Za a ƙirƙiro wata ƙasa wadda 'yan tsiraru suka mallake ma'adinanta da masana'antunta. Talakawan ƙasar suna da wata baiwar sihiri da suka gada kaka da kakanni, amma an haramta musu ita, ko kuma ana tatsar ta a ɗura wa injuna kamar fetur. Sai wata yarinya ko wani yaro ɗan shekara 16 ko 17, maraya ko ɗan ƙwadago, ya farga da abin da ke tare da shi, ya bi 'yan tawaye. Ana tsakiyar ɗauki-ba-daɗi kuma soyayya ta ƙullu.

Wannan haɗin sihiri da injin yana da asali. Juyin masana'antu da ya faro a Ingila a ƙarshen ƙarni na 18 ya kawo arziki, ya kuma kawo wahalar da Turawa ba su manta ba. Daga shekarar 1811 masaƙa suka riƙa fasa injunan da suka raba su da sana'arsu, gwamnati ta tura musu soja, ta rataye wasu. Sai a 1833 majalisar Ingila ta hana ɗaukar yara 'yan ƙasa da shekara 9 aiki a yawancin masaƙu. Marubutansu na yau suna tono wannan tarihi ne su sa masa rigar tatsuniya, su tambayi wa ke riƙe da ƙarfi, kuma gumin wa ake ƙonawa kafin injin ya juya. Littattafan Harry Potter, da suka fara fitowa a 1997, sun nuna wa kamfanonin ɗab'i irin kuɗin da ke cikin labarin sihiri na yara, sannan The Hunger Games na Suzanne Collins a 2008 ya sa tawayen matasa ya zama abin yayi. 'Yan asalin Nijeriya ma sun shiga. Tomi Adeyemi ta fitar da Children of Blood and Bone a 2018, labarin sarkin da ya karkashe masu sihiri da yarinyar da ta tashi dawo da shi, ta gina shi kan al'adun Yarbawa, kuma ya sayu ƙwarai a Amurka.

Mu Hausawa ba baƙin wannan hanya ba ne, musamman mu na ƙasar Daura. A duba labarin da kowane yaro ya ji tun yana goye. Maciji ya tare rijiyar Kusugu, ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, garin da sarauniyarsa duk sun haƙura. Baƙo ya zo da makamin da maƙeran Gaya suka ƙera masa, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce babu, ya tafi rijiya da dare. Ga abin tsoro wanda ya fi ƙarfin mutane, ga ƙarfe da fasahar maƙera, ga abin da rayuwa ta dogara a kai an hana jama'a shi. Duk kayan haɗin da marubucin Amurka ke fafutukar tarawa suna nan cikin labarin Bayajida.

A rubuce ma mun daɗe da farawa. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina. A wurina Ganɗoki shi ne ya fi kusa da irin labaran da ake magana. Jarumin mayaƙin Kwantagora ne da ya gwabza da Turawa, ya ga takobi da layu sun kasa tsayawa gaban bindigar da ke feshin harsashi. Da ƙasa ta kuɓuce sai ya nausa gabas, labarin ya zarce da shi duniyar aljanu inda jaruntakarsa ke da sauran amfani, daga ƙarshe ya komo gida ya tarar zamani ya sauya. Masu karatu na farko sun san abin da ake faɗa musu, domin yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi, kimanin shekara 30 kawai ya yi da wucewa, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911. Bello Kagara ya rubuta littafinsa ne a ƙarƙashin idon waɗanda suka ci yaƙin, ga shi su ne masu buga littafin, to aljanu suka zama masa mafaka. Bayan haka Ahmadu Ingawa ya zo da Iliya Ɗan Maiƙarfi, Sa'idu Ahmed Daura da Tauraruwar Hamada, sannan a 1969 Umaru Dembo ya ɗauki yaro Bahaushe ya kai shi sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya.

Inda littattafan waje suka sha bamban da namu shi ne batun soyayya, kuma gara a faɗe shi a fili. Da yawa daga cikin waɗanda suka fito a shekarun nan suna ɗauke da soyayyar jinsi ɗaya, mace da mace ko namiji da namiji, ba a matsayin abin ɓoye ba. A Iron Widow na Xiran Jay Zhao, wanda ya fito a 2021, 'yan mata ake sakawa cikin manyan injunan yaƙi ana zuƙe ƙarfinsu har su mutu, jarumar ta yi bore, kuma soyayyar da ke ciki ta mutum uku ce, har da tsakanin mazan biyu. A Pet na Akwaeke Emezi daga jihar Abiya, wanda ya fito a 2019, jarumar yarinya ce da aka haifa namiji. A ƙasashen da ake buga su doka ta halatta irin wannan, Amurka ta amince da auren jinsi a duk faɗinta tun 2015, kuma marubutan suna ganin wanda aka tsangwama saboda wanda yake so ɗan'uwan wanda aka danne ne saboda talaucinsa, don haka suke saƙa su cikin tawaye guda. A nan kuwa matsayin addininmu sananne ne, jihar Katsina na cikin waɗanda suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, kuma dokar tarayya da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi. Bangon littafin ba ya faɗa maka wannan. Za ka ga hoton takobi da wuta ne kawai.

To me uba zai yi? Ƙwace waya da duka ba sa goge abin da aka riga aka karanta, sai dai su koya wa yaro ɓoyo. Kano ta gwada ƙona littattafan soyayya a 2007 a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, marubuta suka sha matsi daga hukumar tace fina-finai, amma kasuwar ba ta mutu ba, ta koma intanet ne inda babu mai iya sa mata ashana. Abin da ya fi shi ne a tambayi yaro sunan littafin, a nemi malamin Turanci ko wani yayansa ya duba shi, a zauna a yi magana. Kuma karanta labari ba shaida ba ce a kan halin mai karatu. Kada a ɗora wa ɗan mutane zargi, ko a tona masa asiri a gari, ko a ɗauki doka a hannu, saboda an ga wani littafi a wayarsa. Irin wannan ta ɓata rayuwar da ba ta ji ba ba ta gani ba.

Amma abin da ya fi damuna ba a wajen Turawa yake ba. Matasanmu suna son labarin sihiri, shi ya sa littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini suka samu karɓuwa, ana karanta su ana sauraren su a rediyo da waya. Sai dai yawancin masu bin wannan layi sun kwashe labaransu sun kai wasu birane masu sunayen Larabawa, sadauki ya sare dubu, boka ya ɓace, gimbiya ta kuɓuta, shi ke nan. Ba ka jin zafin abin da ke ci wa mai karatu tuwo a ƙwarya. Yaron da ya ga yayansa ya gama makaranta ya tafi Legas ko Fatakwal yin acaɓa, ya ga taki ya gagari mahaifinsa, ya ji labarin masaƙun Kaduna da suka ciyar da dubban gidaje kafin a garƙame su, yana neman labarin da zai taɓa masa wannan. In bai samu a Hausa ba zai same shi a Turanci, tare da duk abin da ya zo da shi.

Alhali kayan aiki ga su a ƙofar gida. Bayan jihadi sarautar Daura ta kasu uku, Fulani suka riƙe birni, gidan Haɓe ya rabu tsakanin Zango da Baure, aka yi kusan shekara ɗari ana zaman gudun hijira da ƙulla ƙawance da Damagaram, kafin Turawa su mayar da Malam Musa na gidan Haɓe gadon Daura a 1906. Ga iyakar da aka shata ta raba dangi, wasu a Baure wasu a Magarya. Ga maƙera masu wasa da wuta, ga 'yan tauri, ga mafarauta da baduhu da layar zana, ga hamada na matsowa, ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 wanda zai ratsa ta Daura. Marubucin da ya sa 'yar maƙeri daga wani ƙauyen Baure ta fuskanci kamfanin da ya sayi ruwan ƙasarsu ba ya buƙatar aron komai daga Landan, kuma soyayyar da zai saka a ciki shi zai zaɓa, daidai da tarbiyyar masu karatunsa.

Malaman Hausa na makarantun Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa, ku fito da Ganɗoki daga kabad ku karanta shi da ɗalibai, sannan ku ba su aikin rubuta nasu. Masu hannu da shuni na masarautar Daura kuma, gasar rubutu ta 'yan sakandare ba za ta ci muku kuɗin kofin ƙwallo ɗaya ba. Ku sa ta.