Mota Mai Ƙarfi a Zamanin Tsadar Fetur: Lissafin Mai Saye a Kutama

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana ƙarshen tallafin man fetur, ma'anar “mota mai kyau” ta sauya a ƙasar Kano. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce naira 1,000. A tsakanin nan aka saki darajar naira, dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta wuce 1,500. Da yake da dala ake sayo mota a waje, da ita kuma kwastan ke lissafin kuɗin fito, 'yar Kwatano ta fi ƙarfin malamin makaranta da ma'aikacin ƙaramar hukuma. Dama tun Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu. Abin da ya rage wa yawancin masu saye a Kutama, Getso, Gwarzo da Kabo shi ne motar da ta riga ta sha hannu a cikin gida.

Duk da haka sha'awar mota mai ƙarfi ba ta mutu ba, kuma ba na cikin masu kallon ta a matsayin ƙuruciya kawai. Wanda ke bin hanyar Kano zuwa Gwarzo, ta Janguza da Rimin Gado da Garo, ya san abin da ake nufi da makalewa a bayan tirela mai ɗauke da hatsi, ga wata na tafe daga gaba. A irin wannan wuri, injin da ke amsawa da zarar an taka shi yana rage daƙiƙun da direba zai yi a hannun da ba nasa ba. Matsalar ita ce yawancin masu saye girman inji suke tambaya, alhali abin da ke sa mota ta zabura shi ne ƙarfin injin idan an gwada shi da nauyin bodin da yake ja.

Mu ɗan yi lissafi. Daga Gwarzo zuwa Kano kusan kilomita 70 ne, zuwa da dawowa 140. Motar da ke shan lita 8 a kowace kilomita 100 za ta ci wajen lita 11. Wadda ke shan lita 12 za ta ci kusan 17. Mutumin da ke shiga birni sau biyu a mako zai tarar bambancin ya kai kusan lita 600 a shekara. Mai karatu ya ninka wannan da farashin lita a gidan man da ke kusa da shi, sannan ya tuna cewa ranar da gidan man ya rufe, wurin 'yan bumburutu zai saya, da ƙari a kai. Kuɗin ya isa sayen takin gona mai yawa. Wannan ne dalilin da ya sa ake ganin manyan motoci masu silinda shida an lulluɓe su da tamfol a ƙofar gida, masu su kuwa suna kan babur.

A ganina, mai neman ƙarfi da sauƙin riƙo ya fara duba Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, wadda 'yan kasuwa ke kira EOD da kuma DC, amma mai silinda huɗu, lita 2.4. Injin nan yana ba da ƙarfin doki wajen 160, wanda ya wadatar a kowace hanya ta yammacin Kano, kuma da sarƙa yake aiki maimakon bel ɗin tayimin da ake sauyawa lokaci-lokaci. Kayan gyaransa cike suke a kasuwar Ƙofar Ruwa. 'Yar'uwarta mai silinda shida, lita 3.0, tana da ƙarfin doki 240, tana da daɗin tuƙi ƙwarai, sai dai giyarta ta otomatik ta yi ƙaurin suna wajen lalacewa, kuma bel ɗinta in ya tsinke yakan tafi da bawul-bawul. Dillali zai ce maka an rage kuɗinta. Gaskiya ya faɗa, amma ka tambayi kanka dalilin ragin. Aibin Accord ɗin duka biyu shi ne ƙasa-ƙasa take. Wanda gidansa ke cikin ƙauye, inda damina ke cinye hanya, zai riƙa jin cikinta na gogar ƙasa.

Toyota Corolla ta 2003 zuwa 2008, mai lita 1.8 da ƙarfin doki 130, ba ta da sunan mota mai gudu, amma rashin nauyinta ya sa ba ta jin kunya a hanya, kuma ta fi sauran ƙarancin shan mai. Tsadarta ce matsalarta, domin kowa ya san hakan. Camry ta 2007 zuwa 2009 mai lita 2.4 kuwa an san da yawa daga cikinsu da shan baƙin mai, don haka sai an yi hattara.

Akwai kuma Peugeot 406, wadda nake ganin ba a yi mata adalci. Kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara haɗa motoci a 1975, ya haɗa ta a nan gida, kuma tsofaffin kanikawanmu a kan 504 da 505 suka koyi sana'a, don haka gidan Fijo ba baƙo ba ne a gare su. Mai lita 2.0 da giyar hannu tana riƙe hanya da kyau, tana haɗiye gargada fiye da motocin da aka ƙera don titunan Amurka. Rauninta wayoyin lantarki ne. Idan mai rewaya marar sani ya taɓa yi mata yanke-yanke, to mai ita ya shiga uku. Golf 3, da direbobin haya suka daɗe suna wahalarwa a wannan hanya, shaida ce cewa ƙaramin inji da giyar hannu na iya ɗaukar wuya, sai dai shekaru sun cim mata, samun mai lafiyayyen bodi sai an tona.

Game da Marsandi da BMW na farkon shekarun 2000, waɗanda farashinsu ke jan hankalin samari, maganata gajeriya ce. Motoci ne masu nagarta a hannun wanda ke zaune kusa da ƙwararren bakanike mai na'urar kwamfuta. Wanda ke Kutama, duk ranar da wata fitila ta kunnu a gabansa, sai ya nemi mai jan mota zuwa Kano.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, shan man tsohuwar mota ya fi dogara da abin da aka yi mata fiye da abin da kamfani ya rubuta. Al'ada ce a garejinmu a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, wai don zafin ƙasarmu. Sakamakon shi ne injin yakan daɗe bai kai ɗumin da aka tsara masa ba, kwamfutar motar kuma ta ci gaba da zuba mai kamar yanzu aka tayar da ita da asuba. Haka nan ana fasa salansa a cire matatar hayaƙin da ake kira indomi, saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta, a sayar, a liƙe wurin da walda. Ga ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska, ga fulogi na jabu, ga taya marar isasshiyar iska. Accord mai silinda huɗu da aka yi wa waɗannan duka za ta iya shan mai kamar mai shida, ba tare da ƙarfin mai shidan ba.

Sai batun takardu. Motar da ba ta da takardar kwastan ta gaskiya takan zo da araha, kuma araharta na ƙarewa ne a shingen farko da aka tsayar da ita. Lambar shasi da ke jikin mota dole ta dace da ta takarda, harafi da harafi. Ita wannan lamba, in motar daga Amurka ta fito, ana iya bincika ta a intanet a ga ko ta taɓa yin mummunan haɗari ko ambaliya ta shanye ta kafin a yi gwanjonta. Inshorar dole ta masu motocin gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 tun Janairun 2023, ita ma a sa ta cikin lissafi tare da sabunta takardu.

Ranar ciniki, mai saye ya tafi da bakaniken da shi ya zaɓa, ya biya shi ladansa daga aljihunsa, domin wanda dillali ya kawo yana da kaso a cinikin. A je da sassafe, a taɓa injin a tabbatar da sanyinsa kafin a tayar, saboda ƙarar sarƙa da shuɗin hayaƙi a tashin farko suke bayyana. A duba ƙarƙashin kafet ko akwai tsatsa da busasshen laka. A fita da ita babbar hanya har giya ta shiga ta ƙarshe, a kunna na'urar sanyaya ɗaki a ga ko allurar zafi za ta motsa. Kuma kada a zuba duk abin da aka tara a kan farashin: a ware wani kaso, ko da ɗaya bisa biyar ne, don taya huɗu, birki, baƙin mai da man giya, waɗanda kusan kowace mota 'yar hannu ke buƙata a watanta na farko.