3.4 Teburan Aiki na Kama-da-wane da Zirin Gefen Allo

A wannan fasali za a yi bayani ne a kan hanyoyin da masana kimiyyar kwamfuta suka bi domin magance cunkoson tagogi a kan allo. Abin da ake nufi da taga a nan shi ne filin da kowace manhaja take buɗewa domin gudanar da aikinta.

3.4.1 Asalin Tsarin

A shekarar 1986, Austin Henderson da Stuart Card na cibiyar bincike ta Xerox PARC da ke Amurka suka gabatar da wani tsari mai suna Rooms, wato ɗakuna. Sun lura cewa mai aiki yakan yi amfani da rukunin tagogi kaɗan ne a kan kowane aiki. Idan allo ya gaza ɗaukar rukunin, sai lokacinsa ya ƙare wajen buɗewa da rufewa da neman tagar da ta ɓuya. Saboda haka suka ware wa kowane aiki ɗakinsa. Wannan tunani ne ya bazu a tsarin Unix, musamman ta manhajar FVWM ta shekarar 1993. Kamfanin Apple ya shigar da shi da sunan Spaces a 2007, shi kuwa Microsoft sai a Windows 10 ta shekarar 2015 ya mayar da shi sashe na tsarin kansa.

3.4.2 Zirin Gefen Allo

Windows Vista ta shekarar 2007 ta zo da ziri a gefen allo mai ɗauke da agogo da kalanda da hasashen yanayi. Sai dai zirin yana cin filin da tagogi suke bukata. An cire shi a Windows 7 a 2009, sannan a 2012 kamfanin ya shawarci jama'a su kashe ƙananan manhajojin nasa baki ɗaya, domin masu kutse suna iya bi ta cikinsu.

3.4.3 Ɗabi'un da Suka Dace

Na farko, a raba tebura bisa ga aiki, ba bisa ga manhaja ba. Misali, ɗalibi ya haɗa rubutunsa da littattafan da yake dubawa a teburi guda, saƙonni kuma a wani. Na biyu, a taƙaita yawan teburan, domin idan sun yi yawa matsalar neman taga takan dawo. Na uku, a jera tagogi biyu kafaɗa da kafaɗa yayin kwatanta bayanai.

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa teburan kama-da-wane sun ɗore ne saboda suna ɓoye abin da ba a bukata, shi kuwa zirin Vista ya ƙara wa ido abin kallo ne.